Farar Tsakuwa a Hanyar Injin Busa

An yi wa Mujeeb ɗinki biyar a saman girar hagu, idon kuma ya tsira. Likita ya ce da tsakuwar ta sauko da faɗin yatsa ɗaya, da wani zancen ake yi. Yusif Alhassan, wanda ke jan injin da ya harbo ta, an dakatar da shi daga aiki a ranar, an karɓe katinsa na shiga.

Abin ya faru ranar Talata, 12 ga Fabrairu, 2019, da ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe, a lambun wata unguwar masu hali a Dubai. Wani kamfanin gyaran lambu mai ma'ajiyar kaya a Ras Al Khor ke kula da wurin. Yusif da Mujeeb ma'aikatansa ne, dukkansu 'yan zangon Kumasi, kuma ɗaki ɗaya suke kwana a unguwar Satwa. Bizar aikin Yusif za ta ƙare ran uku ga Maris. Kamfanin ne zai sabunta ta, manaja kuwa ya ce ba zai sa hannu ba sai ya ga rahoton jami'in kiyaye haɗari.

Jami'in shi ne Izzuddeen Garba, mutumin Kano, shekararsa shida a kamfanin. An ba shi kwana biyu.

Injin, wanda ma'aikatan ke kira bulowa, ƙatuwar farfela ce a cikin ganga ta ƙarfe, kan taya biyu, fetur yake sha. Ƙaramar motar aiki ke jan sa. Yana zuƙar iska ta cikin raga, ya feso ta ta wani lanƙwasasshen baki da ke baya, ya kore ganye da busasshiyar ciyawa daga hanya. Direba na juya bakin dama ko hagu da rimot, da shi kuma yake ƙara wuta ko ya rage. Dokar kamfanin ta ce in injin na aiki, kada kowa ya matso kusa da mita goma sha biyar.

Ranar Laraba da safe Izzuddeen ya sa aka fito da injin, ya kira Yusif.

"Ka yi komai yadda ka yi jiya. Kada ka ƙara, kada ka rage."

"To, Malam."

"Fara."

Yusif ya dawo da motar da baya, ya kashe ta, ya ja birkin hannu. Ya ɗora sandar jan injin a kan maƙalin motar, ya zura ƙusar haɗi, ya kulle ta da ɗan fil, ya jijjiga da hannu biyu. Sarƙoƙin kariya biyu ya gitta su ta ƙarƙashi. Ya auna iskar taya. Ya zaro sandar awon baƙin mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa ya duba. Kafin ya buɗe tanki ya kai bayan hannunsa kusa da salansa, ya tabbatar ta huce. Ya zuba fetur da mazurari, bai cika har baki ba, ya goge ɗigon da ya zuba, ya kai jarkar can gindin bango. Wata leda ta maƙale a ragar iska. Ya taɓa aljihunsa, ya ji makullin injin na ciki, sannan ya sa hannu ya cire ta. Ya sa tabarau, ya rataya murfin kunne a wuya.

Minti goma sha ɗaya ya ɗauka. Izzuddeen bai sami abin rubutawa ba.

Fom ɗin da direba ke cikawa kowace safiya layi tara ne. Na bakwai yana tambaya ko an taka hanyar da ƙafa, an kawar da dutse da tsakuwa da waya da kwalba. A fom ɗin Talata, Yusif ya sa alamar cewa an yi.

"Mu taka," in ji Izzuddeen.

Hanyar mita ɗari huɗu ce, da itatuwan darbejiya a jere ta hannun dama. Yusif ya tsinci murfin kwalba ɗaya da guntun waya. A gindin bishiya ta uku ya rage tafiya. Bayan wani gajeren shingen furanni akwai fili kamar faɗin ɗaki, an zagaye shi da layin farar tsakuwa, an ɗan lanƙwasa shi a gaba inda liman ke tsayawa. Rabin layin ya watse. Tsakuwar ta bazu har cikin ciyawa.

Izzuddeen ya san wurin. A watan Oktoba ma'aikatan suka zaɓi filin don salla, domin masallaci mafi kusa tafiyar minti ashirin ce ta bayan ƙofar unguwa, hutun rana kuwa rabin awa ne. Alƙibla a Dubai yamma take, sababbin zuwa daga gida kuma ƙafarsu ta saba da gabas. Izzuddeen ne ya fitar da alƙiblar da wayarsa. Shi kuma ya ce a ɗebo farar tsakuwa daga gadon furanni a ja layi, don wurin ya yi tsaf kada mazauna unguwar su yi ƙorafi. Duk Litinin in ya zo duba aiki, shi ke jan Azahar.

"Ka ga wannan jiya?"

"Kullum ina ganinsa."

"Amma ka sa alama a layi na bakwai."

"Malam, wannan masallaci ne." Yusif ya dube shi, ya sunkuyar da kai. "Ni zan sa tsintsiya in watsar da inda mutane ke sa goshi? A zango ko akuya ba a bari ta tsallake layin nan."

"To wata huɗu yaya kake wucewa?"

Yusif ya nuna bishiya ta biyu. Daga nan yake danna rimot, bakin ya juya hagu wajen ciyawa. In ya wuce masallacin sai ya dawo da shi. Ranar Talata ya danna, bakin bai motsa ba. Ya sake dannawa. Ya buga rimot ɗin a gwiwa, ya danna na uku. Motar na tafiya.

"Me ya hana ka taka birki?"

"Na ɗauka zai juya."

"Sau uku kana ɗauka?"

Yusif ya miƙa masa rimot ɗin.

Izzuddeen ya ja tef tsakanin bishiyoyin biyu: mita tara. A saurin da ake jan injin, daƙiƙa shida ke nan. Ya buɗe bayan rimot, ya gwada batir, ya tarar ya kusa mutuwa. Ya sake karanta fom ɗin daga sama har ƙasa. Babu layin da ya ambaci batir. Shi ya tsara fom ɗin shekara uku da suka wuce.

Sauran bayanin gajere ne. Yusif ya hango mutum ya faɗi ta madubi, ya taka birki, ya sauko da gudu ya murɗa makullin injin. Farfelar ta ci gaba da juyawa na ɗan lokaci. Ya ce bai taɓa jin ta daɗe haka ba.

Da la'asar suka je Satwa. Ɗakin gado huɗu ne, biyu a kan biyu. Mujeeb na zaune a na ƙasa da bandeji a goshi, yana cin biredi da shayi.

"Chale, ka dawo ƙarasa aikin?" ya ce wa Yusif, da kiran abota irin na 'yan Kumasi. "Shekara biyar muna ɗaki ɗaya. In minsharina ya dame ka, ai sai ka faɗa."

Yusif ya zauna a bakin gado bai yi dariya ba.

Mujeeb ya juya wajen Izzuddeen. "Malam, ka ji ikon Allah. Shaiɗan ma a Mina bakwai-bakwai ake ƙirga masa. Ni mudu guda aka zuba mini."

"Me ya kai ka wurin, kana jin injin na zuwa?" in ji Izzuddeen.

"Kwalayen da muke shimfiɗawa na je dannewa. Wata huɗu bakin injin nan in ya zo sai ya kau da kai ya wuce. Na san Yusif. Ban ko ɗaga ido ba."

"Tabarau fa?"

"Suna wuya, suna hutawa."

Izzuddeen ya rubuta. Mujeeb ya ajiye kofin, ya rage murya ko da yake babu kowa a ɗakin sai su.

"Malam, ka ji shawara. Litinin an yi iska, kowa ya sani. Ka rubuta iska ce ta kwaso tsakuwa daga gadon furanni. Gobe da asuba mutanenmu su kwashe sauran, halas, magana ta ƙare. Ni aka ji wa ciwo, ni kuma na yafe."

"Ba haka aka yi ba."

"Safura watanta takwas." Ya nuna Yusif da haɓa. "Matarsa. Jiya ta kira sau uku, ya ce mata wayarsa ce ba caji. In suka soke bizar nan, wata ɗaya ne ya tattara. Wa zai ɗauki wanda aka kora saboda jini?"

Izzuddeen ya juya wajen Yusif. "Kai me ka ce?"

"Ni dai ban ce a yi ƙarya ba." Yana murza hularsa. "Ban kuma ce kada a yi ba."

Izzuddeen ya rufe littafinsa, ya yi wa Mujeeb addu'ar sauƙi, ya fita.

Bayan Magariba ya zauna da kwamfuta a teburin cin abinci a gidansa da ke unguwar Port Saeed, nan cikin Dubai. Ya rubuta kwanan wata da sunan wuri, ya tsaya. Matarsa Murjanatu ta kawo abinci, ta ga bai taɓa ba, ta tambaya. Ya faɗa mata duka.

"In na rubuta direba bai kawar da tsakuwa ba, ya kuma sa alama, gaskiya na rubuta. Ba wanda zai tambaye ni wa ya zuba ta."

"Sai su kore shi."

"Ranar Lahadi, da an dawo aiki."

"In ka sa sunanka fa?"

"Wataƙila su raba laifin biyu, ya yi masa sauƙi. Wataƙila kuma su kore mu tare."

Ta ɗan jima tana kallon ƙofar ɗakin da 'yarsu ke aikin makaranta. "Abban Khadijatu, kai ma biza ce da kai. Tawa da tata a kan taka suke."

"Na sani."

"Wa ya ce a zuba tsakuwar?"

"Ni."

"To me kake tambayata?" Ta tura farantin gabansa. "Ci tun da zafi."

Ranar Alhamis ƙarfe bakwai na safe ya isa lambun. Ya ɗauki hoton wurin ta kusurwa huɗu, da tef a shimfiɗe. Sannan ya cire takalmi, ya shiga cikin layin da bokiti, ya durƙusa ya fara tsince tsakuwar da hannu. Ma'aikata biyar suka tsaya suna kallo. Wani dattijo ɗan Pakistan ya yi magana da ƙarfi cikin harshensa, sai na kusa da shi ya riƙe masa hannu. Babu wanda ya taya shi, babu wanda ya hana shi. Bokitin ya kai rabi. Da ya gama ya ɗauko koren fenti, ya ja ɗan gajeren layi a jikin simintin gefen hanya, daidai alƙibla.

Rahoton shafi uku ne. Ya ce direba ya haɗa injin bisa ƙa'ida. Ya ce direba ya ga tsakuwar bai kawar ba, kuma yana da daƙiƙa shida na taka birki bai taka ba. Ya ce wanda ya ji rauni ya shiga cikin mita goma sha biyar ba tabarau a idonsa. Ya ce jami'in kiyaye haɗari ne ya ba da umarnin zuba tsakuwar a hanyar injin, ya riƙa tsayawa a kanta duk mako, ya kuma sa hannu a fom ɗin direba sau goma sha shida. Ya nemi a ƙara layi na goma don gwada rimot kafin a tashi, da doka ɗaya: in bakin bai amsa dannawar farko ba, a tsayar da mota.

Manajan ya karanta a tsaye. Ya koma shafi na biyu, ya bi shi da yatsa.

"Ka san sunanka ya fito sau huɗu, nasa sau uku?"

"Na ƙirga."

Manajan ya ce abin ya fi ƙarfin teburinsa. Kwamiti zai zauna ranar Lahadi, kuma Izzuddeen ba zai zauna a kujerarsa ta kullum ba, zai jira a waje tare da direban.

Yusif ya kira da azahar.

"Malam, ka rubuta maganar birki?"

"Na rubuta."

Ana jin muryar Mujeeb a baya yana tambayar me aka ce.

"Haka aka yi," in ji Yusif. "Safura ta sake kira. Me zan ce mata?"

"Ka ce Lahadi."

An tashi daga ofis ƙarfe biyar, aka shiga hutun Juma'a da Asabar. Injin na Ras Al Khor da jar takarda a ɗaure a makullinsa. Takardar sabunta bizar Yusif na kan teburin manaja, ba a sa mata hannu ba. Saura kwana goma sha bakwai.