Musun Malam Ishaku da Baban Adanna

Ko takalmi Ulonma ba ta saka ba ta tsallaka kwata, ta faɗa shagon Malam Ishaku tela, maƙwabcinsu a Kwararafa.

"Malam, bar keken nan ka zo. Ka zo ka yi masa musu!"

"Musu kuma, Maman Adanna? Da mara lafiya?"

"Tun jiya ya juya fuska bango. Fada na cocinmu ya zo, ya ƙi kallonsa. Ya ce idan matan nan da suka je neman gawar Yesu kabari suka ɓata fa? Idan Yesu bai tashi ba fa? Malam, kada mijina ya mutu da wannan tsoro."

Shekara talatin mijin nata Onyekwere da Ishaku suna musun nan a bakin shago, wannan da Baibul, wancan da almakashi a hannu. Ulonma ta sha yi musu tsawa don abinci yana hucewa. Yau ita ce take roƙo.

Ɗakin yana warin magani. Onyekwere ya rame har zoben aurensa yana yawo a yatsa. Ishaku ya zauna bakin gado, ya dubi Ulonma.

"Ba zan yi masa ƙarya ba fa. Abin da na yarda da shi zan faɗa."

"Shi nake so," in ji ta.

Ya gyara murya. "Baban Adanna, ashe dai ka sauko? Dama na gaya maka. Sai da aka shekara talatin ko fiye kafin a rubuta labarin. Wani ya ce mala'ika ɗaya aka gani, wani ya ce biyu. Wane alƙali zai karɓi wannan shaida?"

Onyekwere bai juyo daga bango ba. Ulonma ta matse bakin zaninta har yatsunta suka yi zafi. Ta ce a ranta shi ke nan, ta ƙarasa shi da hannunta.

Sai gadon ya yi ƙara.

"Kai tela," muryar da kyar take fita, "ranar da kasuwa ya ƙone, ka ce daga gabas wuta ya fara. Ni na ce yamma. Kasuwa bai ƙone ba?"

"Ta ƙone. Amma toka mun gani da idonmu."

"Almajiran Yesu ma sun gani. Aka daki su, aka kashe su, ba su canja magana ba."

"Mutum yana iya mutuwa a kan kuskure."

"Kuma mata! Zamanin da ba a jin shaidar mace, wa zai ƙirƙiri labari ya sa mata a gaba?" Ya juyo gaba ɗaya, yana haki. "Ulonma, ɗaga ni. Mutumin nan bai san komai ba."

Ta tallafe shi a ƙirjinta tana kuka tana dariya.

"Ban yarda ba har gobe," in ji Ishaku, idonsa ya kaɗa. "Amma kai za ka tashi ranar ƙarshe. Wannan ban taɓa musu ba."

"Tsaya, ban gama ba," in ji Onyekwere. Ya ɗaga yatsa. "Na uku..."

Suka jira na ukun, amma numfashinsa bai dawo ba. A waje wata mai tallan dankali ta wuce tana kira. Ulonma ta daɗe tana kallon yatsan a tsaye bisa bargo, kafin ta sa hannu ta lanƙwashe shi a hankali cikin sauran.