Gajiyar Liman Namadi

Mutane suman suke gani, ni kuwa abin da ke biyo bayansa nake gani. Mijina, Malam Namadi, shekara goma sha tara yana limancin masallacin unguwarmu a Shinkafi, katanga ɗaya ce tsakaninmu da masallacin. Bara ciwon ya fara. Ya ɗago daga sujada zai miƙe, sai ji aka yi tim, liman a ƙasa.

Likita a Kaura Namoda ya ce ba farfaɗiya ba ce, ba kuma iska ba. Jijiyoyin da ke daidaita jini da bugun zuciya ne suka yi sanyi. In ya miƙe tsaye, sai jini ya taru a ƙafafu, kai ya rasa. Ya ce ya yawaita shan ruwa, ya ƙara gishiri, in kuma ya faɗi a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa sama.

A ɗaga ƙafafun liman a masallaci? Tabɗi! Sau uku ina aika wa Audu ladan da saƙon, ya ce shi dai ba da hannunsa ba. Sai su tallabe shi su jingina da bango, wai girmamawa, suna ta yi masa fifita, shi ko suman yana ƙara nisa. Wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Suman bai wuce minti biyu. Gajiyar kuwa kwana uku take yi ba ta sake shi ba. In an kawo shi gida sai ya zube a tabarma kamar jiƙaƙƙen wanki. Ludayin fura ma gagararsa yake yi, sai na ba shi a baki. Mutumin da ke karance izu biyar a zama ɗaya, ga shi amsa sallama ma sai ya huta. 'Yan dubiya kuma su shigo, su ga ba zazzaɓi ba rauni, su ce, "Ai Malam ya warware, sai mun gan ka La'asar." Shi kuma ga kunya, sai ya lallaɓa ya fita yana dafa bango. Da na gaji na fara tare su a zaure ina maida su, aka ce matar liman ta faye zafi. Su yi ta faɗa.

Faɗuwa ta biyar a raka'a ta biyu ta Azahar ta same shi. Jama'a suka rikice, wasu suka sallame, wasu suka ci gaba. Washegari yana kwance na zauna gefensa.

"Malam, ka bar wa Murtala limancin nan," na ce. Murtala tela ne, tsohon ɗalibinsa.

"Kulsumu, in na bari, mi ya rage mini? Gona na bari, kasuwar Jangeru na bari."

"Mu muka rage maka, ni da ɗiyanka."

Ya juya fuska bango. Can ya ce, "Ba faɗuwar ke damuna ba. Sallar mutane nake ɓatawa."

Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar, tausayinsa ya kama ni.

Da ya ɗan samu ƙarfi ya kira Audu da dattawan unguwa, ya miƙa wa Murtala limancin. Da Magariba ya fita, ya ce mini ƙarshen sahu zai zauna, kusa da ƙofa, ya yi sallarsa a zaune. Na bar tuwo a kan wuta na je jikin katanga na tsaya ina saurare.

Murtala ya ta da kabbara, ya yi Fatiha, ya kama sura. Yana tsakiyarta ya cije. Ya koma baya, ya sake cijewa a wuri guda. Masallaci ya yi tsit, ba wanda ya san abin da ke gaba.

Sai na ji wata murya daga can bakin ƙofa, ƙasa-ƙasa, a gajiye, ta ba shi ayar. Murtala ya karɓa ya wuce. Na kifa goshina a katanga na yi kukana.

Bayan an sallame Malam ya shigo da ƙafafunsa, ba wanda ya riƙo shi.

"Murtala na da saura," ya ce, yana neman wurin zama. "Gobe da hantsi zai zo mu yi tilawa. Kar ki maida shi daga zaure."