Sati Uku a Sashen Ido

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin jinya a ɗakin mata masu taɓin hankali. Ranar da wata ta tofa min yawu a fuska, na goge na ci gaba da rubutuna ko haushi ban ji ba, ranar na nemi canji. Aka ba ni gwajin wata ɗaya a sashen ido.

Nan ba laifi. Ƙofa a buɗe, almakashi yashe a kan tebur ba mai damuwa da shi. Yau da safe na miƙa wa wani dattijo ƙwaya biyu da ruwa. Ya haɗiye, sai na ji bakina ya ce, "Baba, buɗe baki. Ɗaga harshe."

Ya dube ni da ido ɗaya, ɗayan rufe da auduga. "'Yata, ɓoyewa zan yi? Da ƙafata fa na zo."

Abokan aiki suka kwashe da dariya. Ɗaya ta ce, "Sista, saki jikinki, nan masu hankali ne." Da can wannan maganar sai an raba mu. Na ba dattijon haƙuri kawai.

Da azahar shugabar sashe ta aje min takarda. "In za ki zauna da mu, sa hannu kafin a tashi. Akwai masu jiran gurbin."

Ina riƙe da biro Doguwa, abokiyar aikina a tsohon ɗakinmu, ta kira ni a waya. Mu bakwai muka fara aiki a can, yanzu ita kaɗai ta rage, da gado talatin.

"Mai gado lamba tara, kwana huɗu ba ta ci abinci ba," in ji ta. "Yaya kike yi da ita?"

"Kar ki zauna gabanta, zauna a gefe. Ki fara cin cokali ɗaya tana gani. Kuma kar ki ce mata ci."

"Na gwada. Ta ce ba hannunki ba ne." Ina jin wata na dukan ƙofa a bayanta. "Ba za ki dawo ba, ko?"

Na tsaya in ji ko wani abu zai motsa a ƙirjina. Ina son mai gadon nan lamba tara, na sani, kamar yadda na san lambar gidanmu.

"Ki ƙara gwadawa da yamma," na ce.

Na sa hannu. Aka kira ni in ɗiga wa wani magani a ido, na tashi na tafi.