Burodin Malam Bawa a Kan Sikeli

A shekarar 1976, lokacin da Turawan Italiya ke tsakiyar aikin madatsar ruwa ta Bakolori, Bawa yana saurayi ya sami aikin kuku a sansaninsu kusa da Maradun. A can ya ga suna gasa yankan burodi kowace safiya har ya yi ƙamas, a can kuma bakinsa ya saba. Da aka gama ginin a 1978 ya koma Bakura, ya kama noman rani, ya auri Lantana, amma bai sake karya kumallo da koko ba.

Sai a 2023 aka gano ciwon suga a jikinsa, bayan ƙaya ta soke shi a ƙafar hagu, wurin ya ƙi warkewa. Likita a Talata Mafara ya gaya musu ƙarara cewa idan sugan bai sauka ba, ƙafar ba za ta tsira ba. Da ya ga tsohon ba zai rabu da burodi ba, sai ya yanka masa ƙa'ida: giram sittin a rana, kada ya wuce.

Lantana mai sayar da albasa ce, ta san sikeli kamar tafin hannunta. Ta aza burodi, yanka biyu suka cika awon. Malam Bawa ya dubi farantin ya kau da kai.

"Wanga abincin kaza ne, Lantana. Gasa shi. Turawan da na yi wa aiki, wa kika ji an ce yana da tumbi cikinsu? Wuta ke cinye sugan."

"Malam, kai da ka yi kuku, yanzu ka koma likita?"

"Ke dai gwada."

Ba ta yarda da zancen baki ba, don haka ta gwada. Ta ɗora yankan a kasko bisa garwashi kaɗan, tana juyawa har suka bushe ƙarau, sannan ta mayar kan sikeli. Allura ta ja da baya. Sai da ta ƙara yanka na uku awon ya cika. Zuciyarta ta yi sanyi, domin ga hujja a gabanta: wani abu ya fita daga burodin, kuma me zai fita in ba abin da ke cutar mijinta ba? Tun daga ranar yanka uku take ba shi. Da ta ga yana ci da marmari, ta ƙara masa wasu ukun da la'asar, tunda a ganinta wuta ta riga ta kashe dafin.

Wata bakwai tana wannan hidima, ba ta taɓa fashi ba. Gyambon kuwa ya ci yatsu, ya doshi idon sawu.

Ranar da aka kwantar da shi a asibiti, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Taibatu ta ja Lantana gefe ta tambayi abin da yake ci. Lantana ta zayyana mata komai, har da alfahari.

Taibatu ta ce, "Inna, in kin shanya albasa ta rage nauyi, mi ya fita?"

"Ruwa."

"To haka burodi. Ruwa ne ya tashi. Ƙarfin abincin, wanda muke kira kalori, yana nan inda yake, garin da ke zama suga cikin jini shi ma yana nan. Yanka uku gasasshe, yanka uku ne."

"Amma ɗiyata, na auna. Wallahi kullum sai na auna."

"Na sani, Inna. Kuma ba burodin kaɗai ba ne, ciwon ya daɗe a jikinsa."

Lantana ba ta ji wannan na ƙarshen ba. Abin da ta sani tun tana yarinya game da albasa shi ne bai taɓa faɗo mata a gaban kasko ba, ko sau ɗaya.

Aka kawo takardar amincewa da aiki, za a yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Malam Bawa ya sa hannu da boko, ita ta dangwala yatsa a matsayin shaida.

"Mi yarinyar ta ce miki can?" ya tambaya.

"Ta ce gobe da safe za su shiga da kai."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Malam."

Washegari da hantsi aka tura shi ɗakin tiyata. Wani ma'aikaci ya fito ya miƙa mata hularsa da takalmansa. Ta zauna a kan benci ta jera su a gabanta, ta ɗauki na hagun ta kakkaɓe masa ƙasa da bakin mayafinta, ta rasa inda za ta ajiye shi.