Abin da Lantana Ta Faɗa a Shinge

Wata bakwai Lantana ta yi tana ɓoye ciwon ɗanta, kuma wallahi ta iya ɓoyo. Duk Janbako babu wanda ya ji daga bakinta cewa Sahabi, ɗan shekara goma sha shida, wanda ya fi kowa iya fiɗa a rumfar ubansa, yanzu sai ya zuba wa hannunsa ido ya ce ba nasa ba ne. Tunaninsa ma, in ji shi, ba ya zama cikin kansa, yoyo yake yi kowa na ji.

An sha rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya, shiru kake ji. Wata malamar asibiti ce ta ja ta gefe ta ce ciwon ƙwaƙwalwa ne da kan kama matasa, yana da magani, ta kai shi Talata Mafara ya ga likita. Uban ya bi motar shanu Kudu, don haka ranar Talata ta sa yaron gaba suka shiga motar kasuwa. Maƙwabciyarta Gimbiya na ciki, uwar tsegumi, ta tambayi inda suka nufa. Lantana ta ce taifot ne ke damun yaron.

Ba su yi nisa ba suka tarar 'yan sa-kai sun gitta icce a hanya. Kwana biyar ke nan da 'yan bindiga suka kwashe mutane a wani ƙauye, kuma ana cewa ɗan gari ne ya ba su labari. Kowa ya san abin da ake yi wa infoma in an kama shi, ba ya ganin alƙali.

"Maza su sauko!" in ji shugabansu, wani dogo da ake kira Maikuɗi, guraye har damtse.

Ya bi layi yana tambayar suna da gari, har ya zo kan Sahabi.

"Kai, mi sunanka?"

"Ana ce ma wanga jiki Sahabi," in ji yaron, idonsa na kan daji. "Amma mai sunan ya tahi."

"Ya tahi ina?"

"Wajen mutanen daji. Duk abin da nig gani suna gani. Duk abin da kunka ce yanzu, sun ji."

Innalillahi! Lantana ta zabura. Kafin ta buɗe ƙofa an shaƙi wuyan rigar yaron, an durƙusar da shi, wani ya ɗana bindigar toka, wani ya kwanto igiya daga babur. Sahabi bai ko motsa ba, kallon su yake kamar wani ake yi wa.

Ta faɗo daga mota mayafi na jan ƙasa. "Ku yi ma Allah! Ba shi da lahiya!"

"Ke wa ta gare shi?" in ji Maikuɗi.

Ɗan fari ne, sunansa bai taɓa fita bakinta ba don kunya. Yau kam ina kunya?

"Ni na haihe shi. Sahabi ɗana na."

"Direba ya ce taifot kinka ce. Taifot ka sa mutum magana da mutanen daji?" Maikuɗi ya ɗaga kai. "Ku kai shi bayan kuka."

Ta waiga motar. Mutum goma sha wani abu, duk 'yan garinsu, kunnuwa a buɗe. Ta san in ta furta kalmar ta bi shi ke nan har kabari: ba mai ba shi 'ya, ba mai sayen naman da ya taɓa, yara su bi shi da jifa. Amma da hanau gara mannau.

"Mahaukaci na!" ta ƙwala. "Ƙarya niy yi. Asibitin masu taɓin hankali za ni kai shi." Ta durƙusa ta yaye ƙafar wandonsa, ga shatar igiya baƙi wuluk ta zagaye idon sawu. "Ni ka ɗaure shi cikin ɗaki da hannuna."

Sai ga muryar Gimbiya ta taga. "Gaskiya ta, Maikuɗi. Katangarmu ɗaya. Shi kaɗai ka zance yana ba kainai amsa."

Ashe duk ɓoyon nan a banza. Lantana ba ta taɓa zaton za ta gode wa tsegumi ba.

Maikuɗi ya daɗe yana kallon sawun. Ya ce a sake shi, amma bai ƙyale su ba. Ya biyo su har mota, ya dogara gwiwar hannu a taga yana karantar fuskar yaron, direba kuwa bai isa ya ja ba sai an janye iccen.

Sahabi ya juyo a hankali. Idonsa ya sauka cikin na uwarsa sosai, kamar na yaron da ta raina.

"Inna," ya ce ƙasa-ƙasa, "wanga mahaukaci da kinka ce, ni na?"

Maikuɗi ya karkato kunne yana jira.

Lantana ta kama hannun yaron ta matse, hawaye na zuba. "Kai na, ɗana," ta ce.

Aka janye iccen.