Rijiyar Azagor

Abdulrauf malamin kimiyya ne a lise, wato babbar sakandare, ta Dakoro, kuma ba a jin daɗin kallon fim da shi. Sai ana cikin shauƙi ya tsoma baki da lissafi.

Ran nan bayan la'asar ya tarar da mahaifiyarsa, Inna Aisata, gaban tele tana kallon tsohon fim ɗin da ba ta gajiya da shi. Tun yana ƙarami ya san shi, lokacin da duk unguwa ke taruwa a tsakar gidansu, mahaifinsa Attaher na dafa shayi yana fassara wa mutane harshen da shi kansa bai ji. Abdulrauf yana kewar wannan zamanin ƙwarai.

Aka zo inda jarumin ya faɗo daga bene. Yana ta faɗowa, yana kiran 'yan uwansa ɗaya bayan ɗaya, har da addu'a, bai iso ƙasa ba.

"Wannan ƙarya ce, Inna," in ji Abdulrauf yana dariya. "Abin da ke faɗowa gudunsa ƙaruwa yake yi. Daga benen nan, kafin ya rufe baki ya iso."

Inna ba ta yi dariya ba. Sai a lokacin ya tuna. Attaher mai haƙar rijiya ne, a rijiyar Azagor igiya ta tsinke da shi ya rasu, kuma babu wanda ya ji abin da ya faɗa a ƙarshe.

"Ni wurin ga nika jira kullum," ta ce a hankali. "Ina cewa in wanga ya samu lokaci haka, babanka ma ya samu yin shahada. Ashe babu."

Ya so ya ce wasa yake yi, amma ta san shi sarai. Sai ya tambaye ta zurfin rijiyar.

"Gaba arba'in."

Ya durƙusa, ya share ƙasa da tafin hannu, ya mayar da gaba zuwa mita, ya yi lissafinsa da yatsa. Yana tsoron abin da zai fito, amma ya ƙudurta ba zai ƙara komai a kai ba. Ya sake yi don ya tabbatar.

"Benen fim gajere ne, Inna. Rijiyar Baba ta fi shi nesa ba kusa ba. Kusan daƙiƙa huɗu. Zan buga gwiwata sau huɗu, kowane bugu daƙiƙa ɗaya, ke kuma ki faɗi shahadar."

Ta gyara zama, ta rufe ido. Ya fara bugawa, ta ce, "La ilaha illallah," ba tare da gaggawa ba. Ta gama, sannan bugun ƙarshe ya sauka.

Ta buɗe ido, hawaye na bin kuncinta.

"Har da saura," ta ce. "Babanka kuwa ya hi ni saurin baki."