Abin da Yatsun Baba Suka Riƙe

Ƙarar ta fara ne ranar wata Litinin. Ƙas, ƙas, ƙas, daga cikin kwamfutar Baba, kamar ana yanke farce. Na ce ai fanka ce, na wuce abina. Zuwa Laraba sai da ta yi minti goma kafin ta tashi, Baba ya zuba mata ido.

Kwamfutar nan ba ta kallon fim ba ce. Shekara uku da suka wuce likita ya gaya wa Baba cewa mantuwar da yake yi ciwo ce, kuma gaba za ta riƙa yi. Baba ya yi shekara talatin yana zana taswirar gine-gine, ba ya barin abu babu tsari. Ya dawo gida ya jera hotunanmu a ciki, a ƙarƙashin kowanne ya rubuta wa kansa saƙo. A ƙarƙashin nawa cewa ya yi: "Wannan autarka ce. Akwai faɗa, amma ka yarda da ita." Kullum da safe yakan fito yana yi mini kallon baƙuwa, ya zauna, ya buɗe, ya karanta. Sai ya juyo ya ce, "Auta, ina shayina?" Shi ke nan, ranar ina da uba. Na taɓa buga hotunan da saƙonnin a takarda, ya ce wani ne ya rubuta don a cuce shi. Abin da ya buɗe da hannunsa kawai yake gaskatawa.

Kalmar sirrin buɗe kwamfutar kuwa, Baba bai san ta ba, yatsunsa ne suka sani. Ka tambaye shi, sai dai ya kalle ka. Amma ya ɗora hannu a kan madannan, kafin ka ƙifta ido an gama. Sau ɗaya na laɓe a bayansa zan ɗauka da waya, ya ji numfashina, hannun ya sandare, ranar sai da yamma ya iya buɗewa. Ban sake gwadawa ba.

Ranar Alhamis, yana gama karatunsa, na ɗauke ta zuwa wurin mai gyara. Shagonsa a ƙarƙashin wani bene yake, ko'ina wayoyi da matattun kwamfutoci. Ya kara kunnensa a jikinta, ya ɗago yana girgiza kai.

"Faifan ajiyar ne, yana kan hanyar mutuwa. Sai dai a juye shi kan sabo, komai da komai. Ko hoton da ya karkace, a karkace zai fito."

"Har da makullin?"

"Har da shi. Tsohon naki ba ƙofar gaba kawai ya kulle ba, faifan gaba ɗaya ya garƙame. Ni ba na iya fasa irin wannan."

"Awa nawa?"

"Uku, in ya ba mu haɗin kai."

Na lissafa: kafin gobe da safe tana kan teburinta, yatsun Baba ba za su yi fashin ko kwana ɗaya ba. Na ce ya fara. Ya zaro faifan, ɗan ƙarfe da bai kai tafin hannuna ba, ya jona shi da sabon a jikin tasa kwamfutar. Wani koren layi ya fito ya fara tafiya, ya kai kashi ashirin da gudunsa, sai ya tsaya. Ƙas, ƙas.

Da yamma yana talatin da ɗaya. Na tayar da jijiyar wuya, na ce ya mayar mini da kayana yadda na kawo.

"Ranki ya daɗe, duk inda ya lalace sai ya karanta sau da yawa kafin ya wuce. In na tsayar da shi yanzu, ba lallai ya sake tashi ba. Ki zaɓa."

Me zan zaɓa? Na tafi da gangar kwamfutar, na bar faifan.

Da safe Baba ya buɗe ta, baƙin allo ya fito da wani ɗan rubutu a kusurwa. Ya rufe da sauri, ya ture ta gefe. Amma yatsunsa suka shiga bugun katakon teburin su kaɗai. Na ƙirga daga bakin ƙofa, bugu goma sha ɗaya. Ya maimaita, goma sha ɗaya. Bai tambayi shayi ba, da na kawo masa kuma sai ya ce, "An gode, baiwar Allah."

Asabar layin yana hamsin da takwas. Yayana ya bugo waya daga wurin aikinsa, wai don me ban rubuta kalmar ba tun Baba yana da sauƙi. Na ce shi da ya fi kowa dabara, ya zo ya rubuta mana! Na kashe wayar, na zauna na yi kukana, don gaskiyarsa ce. A safiyar nan bugu tara na ji, ya tsaya a tsakiya, ya sake daga farko, ya sami bakwai.

Lahadi bai je kusa da teburin ba. Ya sa takalmi ya zauna a bakin gado, ya ce yana jiran a zo a kai shi gida. Na bar maƙwabciya da shi na koma shagon, na wuni a kan benci. Mai gyara ya sa wa faifan ƙaramar fanka don kada ya yi zafi, ko tari ba ya yi kusa da shi. Har ya daina ce mini saura kaɗan.

Litinin da hantsi layin ya cika. Mai gyara ya saka sabon faifan, ya ɗaure kusoshin, ya danna. Nan take ta tashi, shiru, babu ƙara, ga akwatin kalmar sirri yana jira.

"Aiki ya yi kyau," in ji shi. "Saura nasa."

Na ajiye ta daidai inda ƙafafunta suka yi shaida a kan teburin. Na riƙo hannun Baba na zaunar da shi, na koma bakin ƙofa na juya baya, ko numfashi ba na yi. Na ji bugu huɗu. Shiru. Kwamfutar ta yi 'yar ƙarar da take yi in an yi kuskure. Bugu biyu, sai ƙarar ta sake. Na daɗe ina jiran na gaba.

Da na juyo, ya janye hannuwansa ya ɗora a cinya. Ya yafuto ni, ya rage murya.

"Baiwar Allah, mu rufe wa mutumin nan kayansa kafin ya dawo. Ba kyau a buɗe wa mutum sirrinsa."

Na ce, "To, Baba."

Ya waiga bayansa don ya ga wa nake kira.